Gasasshen naman alade marar kitse: me ke cikinsa, kuma me ya shafi wanda ba ya ci?

Akwai wani dattijo Batupuri, wato ɗan ƙabilar Tupuri, da ke zuwa awon hawan jini asibitinmu a Garwa, arewacin Kamaru. Cikin Hausawa ya tashi, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu gishiri. Rannan ina kwance masa abin awo daga damtse sai ya ce, "Malam, likita ya ce in rage nama mai kitse. To ni naman da aljihuna ke iya ɗauka shi ne wanda kai ba ka ci. In na sa mai gashi ya yanke kitsen, asibiti ta yarda ko kuwa?" Na ce, "Baba, gyara zama." Amsar da na ba shi a ranar gajeriya ce, don layi ya yi tsawo. Wannan rubutun shi ne doguwar amsar.

Ni Musulmi ne, ban taɓa cin naman alade ba, ba kuma zan ci ba. Haramcinsa a bayyane yake a Baƙara da Ma'ida da An'am da Nahli, kuma ba a rataya shi a kan awon wani ɗakin bincike ba, balle a ce in awo ya canja hukunci ya canja. Don haka ba na ganin dalilin da zai sa in yi wa mara lafiya ƙarya a kan abin da ke cikin naman. Muna zaune unguwa ɗaya da masu ci, kasuwarmu ɗaya, wani lokaci rijiyarmu ɗaya. Daga Yagwa zuwa Kaele, daga Bongor zuwa Pala da Mundu, har unguwannin kudancin Anjamena, alade dukiya ce ta talaka, da shi ake biyan kuɗin makaranta. Malamin asibitin da ya toshe hanci ya ƙi sanin abin da rabin majinyatansa ke ci, aikinsa ya tauye. Akwai kuma wani ɓangare na maganar da ya shafi gidan Alhaji kamar yadda ya shafi gidan mai kiwon, zan zo kansa.

Mu fara da alƙaluma. Waɗanda aka fi dogara da su a duniya na Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ne. Tsokar da ta fi kowace ƙarancin kitse a jikin alade ita ce siririyar nan da ke kwance ta cikin gadon baya, wadda mahautan nan ke kira file. In aka gasa ta aka auna giram 100, wato yanka kamar faɗin tafin hannu, za a sami kalori wajen 143, furotin giram 26, kitse giram 3 da rabi. Babu sitaci ko sukari ko kaɗan. Wannan kusan daidai yake da ƙirjin kaza da aka ɗaye wa fata. Tsokar gadon baya ta sama, ko an yanke kitsen da ido ke gani, tana kai kalori 200 da 'yan kai, kitsenta kusan giram 10, domin akwai wanda ke saƙale cikin tsokar, wuƙa ba ta kai gare shi. Naman ciki kuwa, mai hawa-hawan fari da ja, fiye da rabin nauyinsa kitse ne, kalorinsa ya haura 500. Dabba ɗaya ce, amma tsakanin wannan yanka da wancan akwai ninki uku da ɗoriya. Dalili kuwa, giram ɗaya na kitse kalori 9 yake bayarwa, na furotin 4.

A nan ne takarda da bakin titi suke rabuwa. File guda biyu ne kacal a jikin alade, kuma na aladenmu na gida ƙanana ne. Abin da mai gashi ke shimfiɗawa kan raga da yamma haƙarƙari ne da naman ciki da kafaɗa, da fatarsu da kitsensu, don shi ne mai ƙamshin da ke janyo mai wucewa, shi ne kuma mai cika ido in an yanka na dala ɗari. Wanda ya ji a rediyo cewa naman alade ya yi daidai da kaza, ya je ya sayi wannan, ya yaudari kansa. Abin da na faɗa wa Baba ke nan: ka nuna tsokar da yatsa, cinya ko gadon baya, ka tsaya a yanke farin a gabanka kafin a ɗora a wuta.

Batun furotin ba shi da wuyar fahimta. Babban mutum mai nauyin kilo 60 yana buƙatar kimanin giram 50 a rana, to yankan nan guda ya biya rabi. Kuma furotin ne cikakke, yana ɗauke da dukkan tubala 9 da jiki ba ya iya ƙerawa da kansa. Wanda ya fi damunmu a cikinsu shi ne laisin, domin dawa da gero da masara duk suna da ƙarancinsa. Yaron da ke cin tuwon masakwa da miyar kuka safe da dare cikinsa ya cika, amma ginin jikinsa yana tafiya da ɗingishi. 'Yar tsoka kaɗan a miya tana toshe wannan giɓin. Sai dai wannan ba baiwar alade ba ce shi kaɗai. Naman sa da na akuya da kifin Lagdo da ƙwai duk suna yin aikin, wake ma yana yi in an haɗa shi da hatsi.

Inda naman alade ya yi wa sauran nama fintinkau shi ne bitamin B1, wanda ake kira tayamin. Giram 100 na gasasshen file yana da kusan miligiram 1. Namiji baligi yana buƙatar miligiram 1.2 a rana, mace 1.1, mai ciki 1.4. Naman sa mai nauyi ɗaya bai kai miligiram 0.1 ba, wato ratar ta kai ninki goma. Wannan gaskiya ce, ba ta da makawa.

Tayamin shi ne mabuɗin da jiki ke buɗe sitaci da shi ya fitar da ƙarfi. Duk yawan tuwon da mutum ya ci, haka buƙatarsa ta tayamin ke ƙaruwa, mu kuwa mutanen tuwo ne. Jiki ba ya ajiye shi da yawa, cikin mako biyu zuwa uku ajiyar take ƙarewa. In ya yi ƙaranci, jijiyoyi ne ke fara kuka: ƙafa ta riƙa zugi kamar ana tsira allura, tafin ƙafa ya yi zafi da dare, mutum ya kasa tashi daga tsugunne. In abin ya yi nisa zuciya ta raunana, ƙafafu su kumbura. Cutar ke nan da ake kira beriberi. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Christiaan Eijkman, shi ya lura a tsibirin Jaba wajajen 1890 cewa kajin da ake ba farar shinkafa suna shanyewa, in aka mayar musu da dusar su miƙe. Wannan ya sa ya sami kyautar Nobel a 1929.

Dusa. Ita ce maganar da nake so mai karatu Bahaushe ya riƙe. Tayamin na hatsi a ɓawo da ƙwayar tsiro yake zaune. Matanmu su surfe gero tas, su wanke, su sake wankewa, a zubar da ruwan, a kwashe dusar a kai wa awaki. Injin casa ya goge shinkafa har ta yi fari fat, muna yaba ta. Shinkafar da ba a goge ba tana da tayamin wajen miligiram 0.4 a giram 100, farar kuwa ba ta kai 0.1 ba. Ɗanyar gyaɗa tana da fiye da 0.6, busasshen wake wajen 0.8, riɗi ma kusan haka. Ashe abin da ake yaba naman alade da shi yana nan cikin rumbunmu, mu ne muke zubarwa. Sannan ga kanwa. Tayamin ba ya jure kanwa, tana lalata shi. Matar da ta zuba kanwa cike da hannu don wake ya nuna da wuri ta ceci itace, amma ta kashe wani kaso na bitamin ɗin. Na san tsadar itace da gawayi a Garwa, ba na zargin kowa. Shawarata a jiƙa waken tun dare, a rage kanwar, kada kuma a tsananta surfe. Shinkafar da aka turara kafin a casa ma ta fi riƙe bitamin ɗinta.

Su ma masu cin naman akwai tasu ɓarakar. A garuruwanmu gashin alade da bilbil, wato burkutu, tare suke tafiya, mai gashi a ƙofar gidan giya yake kafa ragarsa. Giya kuwa tana hana hanji tsotsar tayamin, tana hana hanta ajiye shi. Mashayin da ya daɗe yana iya cin naman da ya fi kowane yawan tayamin, ya kuma zo mana da ruɗewar tunani da tangaɗi da rawar ido na ƙarancinsa. Na ga irinsu, kuma yawanci 'yan uwa sun riga sun yanke cewa asiri ne.

Sauran sinadaran zan bi ta kansu da sauri. Yankan file ɗin nan na giram 100 yana da bitamin B6 da nayasin masu yawa, yana biyan kusan kashi biyu cikin uku na selenium na rana, zink ɗinsa wajen miligiram 2.4 ne. Gishirinsa na halitta kaɗan ne, bai kai miligiram 60 na sodiyam ba. Amma a wurin sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, naman sa ya fi shi nesa: alade miligiram 1 da ɗan kai, sa fiye da ninki biyu. Haka bitamin B12, na alade wajen 0.6 ne a ma'aunin maikrogiram, na sa ya kai 2 ko fiye, buƙatar rana kuwa 2.4. Saboda haka mai jego ko mai cikin da jininta ya yi ƙasa, ko a gidan masu cin alade take, naman sa ko na akuya nake ce mata ta nema, ta kuma sha ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta wurin awo. Kalsiyam kusan babu, bitamin C babu, harzar da ke gyara bayan gida babu. Nama kowane iri ne ba ya maye gurbin zogale da yakuwa da tumatir.

Wasu na cewa alade farin nama ne kamar kaza, don launinsa yana dusashewa in ya gasu. Masana lafiya jan nama suke lissafa shi, sahu ɗaya da sa da rago da akuya. A watan Oktoba na 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya jan nama cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo dajin hanji. Naman da aka sarrafa da gishiri da hayaƙi da sinadarai, irin su sosej da jambon, shi kuma ta ce tabbas yana jawowa, har ta ƙiyasta cewa giram 50 kullum yana ƙara haɗarin da kashi 18 cikin ɗari. Masu binciken daji suna ba da shawarar kada dafaffen jan nama ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako. Talakanmu bai kai nan ba ko kusa. Wannan gargaɗin na ma'aikaci ne da ɗan kasuwa mai tsayawa wurin mai gashi kowane dare, ko alade yake saye ko balangu.

Wuta ma tana da nata. In kitse ya ɗiga kan garwashi ya tashi da hayaƙi, hayaƙin yana manna wa nama sinadarai masu illa, baƙin ƙonewar da ke gefe shi ma haka. Wannan wani dalili ne na yanke kitse tun kafin gashi. A bar wuta ta zama garwashi, a ɗaga raga, a riƙa juyawa, a kankare inda ya babbake. Ga mai hawan jini irin Baba, babban abokin gaba ma a takardar yaji yake. Naman ya zo da gishiri kaɗan, sai a shafe shi da dunƙule, a barbaɗa yaji mai gishiri da wani dunƙulen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi guda. Ƙunshi ɗaya na yamma yana iya cinye kaso mai tsoka na wannan. Na ce masa ya karɓi namansa da albasa da tumatir da zallar barkono, ya bar musu yajin.

Duk alƙaluman nan a kan aladen da aka kiwata a killace aka auna su, wanda likitan dabbobi ya duba namansa. Namu yawanci sakinsu ake yi da rani su yi kiwon kansu, a juji, a bakin kwata, a bayan gari inda mutane ke zagawa. A nan tsila ke shigowa.

Tsilar alade tana da zagaye biyu, kuma rashin bambance su shi ke sa mutane sakankancewa. Na farko: alade ya ci kashin mutum mai ɗauke da ƙwan tsila, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya bazu cikin tsokarsa ya zama 'yan ƙulli farare masu ruwa, kamar ƙwayar shinkafa. Masu saye a kasuwa sun san su, shi ya sa suke kayar da alade su buɗe bakinsa su shafa ƙarƙashin harshe kafin ciniki. Wanda ya ci irin wannan naman bai gasu ba, cikin wata biyu zuwa uku tsila ta girma a hanjinsa, tana kai mita biyu zuwa uku ko fiye. Sau da yawa ba ya jin komai, sai dai ya ga 'yan gutsattsari farare a bayan gida. Kowane gutsure yana ɗauke da dubban ƙwai.

Zagaye na biyu shi ne mai ban tsoro, kuma ba ruwansa da cin nama. In ƙwan nan ya shiga bakin mutum, ta hannun da ba a wanke ba, ko ruwan da kashi ya gurɓata, ko latas da aka yi wa ban ruwa da ruwan kwata, to jikin mutumin ne ke zama kamar na aladen. Ƙullin ya zauna a tsoka, a ido, a ƙwaƙwalwa. Na ƙwaƙwalwa yana iya yin shekaru shiru, sannan ya tashi da ciwon kai mai tsanani da farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yankuna da yawa da cutar ta yi katutu, ita ke jawo kashi 30 cikin ɗari na farfaɗiya. A 1992 an ba da rahoton kamuwar wasu iyalai Yahudawa masu tsananin riƙon addini a birnin New York, mutanen da ba su taɓa kai alade baki ba. Bincike ya karkata ga masu aikin gidan da suka zo daga ƙasashen da tsilar ta yi yawa.

Ba na manta wata Hajiya da ta kawo ɗanta, yaro ɗan shekara goma sha, bayan an sha rubutu da turare ba adadi. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ƙulli. Da likita ya faɗi sunan abin, ta dafe ƙirji ta ce, "Subhanallahi! Likita, mu da ko inuwar alade ba ta taɓa shiga gidanmu ba?" Sai da muka zaunar da ita muka yi mata bayani a hankali cewa babu mai tuhumar gidanta da komai, ƙwan ba ya tambayar addinin mai haɗiye shi. Ta yi shiru, sannan ta ce yaron kullum yana sayen yankakken mangwaro da ruwan ƙulli a ƙofar makaranta. Ba mu da hanyar sanin ko daga nan ne. An ɗora shi kan magani, faɗuwar ta lafa.

Magani akwai, kuma wani muhimmin gwajinsa a ƙasarmu aka yi. A yankin Mayo Danay aka gwada allurar rigakafin aladu mai suna TSOL18, wadda masana na Jami'ar Melbon ta Ostireliya suka haɗa. Sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna cewa aladun da aka yi wa allurar, tare da ba su maganin tsutsa na oxfendazole, ba a sami ƙulli mai rai a jikinsu ba. A shekarar 2010 ɗin ce kuma annobar zazzaɓin aladu ta Afirka ta faɗa wa arewacin Kamaru da Chadi ta kashe dabbobi masu yawa. Ita wannan ba ta kama mutum, kada a haɗa su. Mutumin da ke ɗauke da tsila a hanji, sha ɗaya na praziquantel ko niclosamide yakan fitar da ita. Amma wanda ke da ciwon kai mai naci ko ya taɓa faɗuwa, kada ya saya a kasuwa ya sha da kansa, domin in akwai ƙulli a ƙwaƙwalwa maganin na iya tayar da kumburi. Wannan aikin likita ne.

Ga mai gashi da mai ci, zafi ne kariya. A 2011 Amurka ta sauke ma'aunin gasa yankan alade zuwa digiri 63 tare da barinsa ya huta minti uku, niƙaƙƙe kuma digiri 71. Wannan lissafin aladensu ne, ni ba zan ba mutumin Yagwa shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya digiri 70 take faɗa, har can tsakiyar nama. Babu mai ma'aunin zafi a bakin titi, to a yanka inda ya fi kauri a duba: in akwai ja-ja ko ruwan da ke fita da jini-jini, a mayar wuta. Wuta mai harshe takan babbake waje ta bar ciki ɗanye, yanka mai kauri da dare a hasken aci-balbal kuwa ba ya nuna launinsa. A yanka shi falle-falle. Hanta ta fi buƙatar kulawa, don ɗanyar hantar alade tana ɗaukar ƙwayar ciwon hanta nau'in E, wadda ke da haɗari ƙwarai ga mai ciki. Gishiri da hayaƙi kaɗai ba abin dogaro ba ne. Naman da aka ga ƙulli a jikinsa kuwa bai kamata ya hau raga ba sam, komai arharsa. Mu ma masu tsire kada mu saki jiki, sa yana da tasa tsilar da ake ɗauka daga naman da bai gasu ba, ko da yake ita ba ta hawa ƙwaƙwalwa.

Baba ya dawo awo bayan wata guda. Ya ce yanzu cinya yake nunawa, sau biyu a mako, mai gashin har ya gane shi, da ya hango shi sai ya ɗauko wuƙa ya fara feƙe farin. Yajin ne dai ya ce bai iya rabuwa da shi gaba ɗaya ba, ya rage rabi. Na tambaye shi ko akwai masai a gidansa. Ya ce akwai, amma ramin ya cika tun damina, jikoki bayan danga suke zuwa, aladun maƙwabcinsa kuma nan suke yini. Na rubuta masa ranar dawowa, na ce ya zo da jikokin.